Cire haƙori: Shirin zuwa asibiti da jinyar kwana bakwai bayan an dawo

Kusan kowane aji yana da irinsa: ɗalibin da ke zama a bencin baya ya dafe kunci da tafin hannu, malami na ta bayani a gaban allo, shi kuwa hankalinsa na kan turminsa na ƙasa. Daren jiya bai runtsa ba. An ba shi kanumfari ya cusa a kogon, ya sayo ƙwaya a kemis, wani abokinsa ma ya ce ya ɗiga turare. Ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo. Tun zangon karatu na farko ake wannan fama, ga shi jarrabawa ta ƙarato. Idan ka tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti, zai ce kuɗi. Idan ka matsa, sai ka ji sauran. Ya ji labarin wani da aka cire wa haƙori ya kwana yana tofar da jini, ya ga wata da ta yi mako guda tana kuka da ramin haƙorinta, an kuma ce masa duk wanda aka cire wa haƙorin sama sai idonsa ya taɓu.

Labari na ukun ba shi da tushe, za mu zo kansa. Na farko da na biyu suna faruwa. Sai dai idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar akwai abin da mai haƙorin bai faɗa wa likita ba kafin a fara, ko kuma akwai abin da ya yi bayan ya koma gida. Cire haƙori da sauran ƙananan ayyukan tiyatar baki ana yin su ne a sallami mutum a ranar, ba a ba shi gado. Rabon likita a aikin da wuya ya kai awa guda. Ragowar, wato shirin kafin a je da jinyar bayan an dawo, tana hannunka ne da na mutanen gidanku.

Wane aiki za a yi maka?

Yaro yana da haƙoran yarinta 20, babba kuma yana da 32 idan duka sun fito. Huɗun ƙarshe su ne turamen da ke can ƙuryar baki, waɗanda Turawa ke kira haƙoran hankali saboda sukan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25. Ka ga ke nan 'yan aji shida da masu shirin shiga jami'a su ne a layi. Idan muƙamuƙi bai da fili, irin wannan turmi yakan fito a karkace, ko ya kwanta ya tokare na gabansa, ko ya leƙo rabi, fatar dasashi ta rufe rabi, abinci ya riƙa taruwa a ƙarƙashinta.

Akwai cirewa mai sauƙi, inda likita zai girgiza haƙorin har ya saki ramin da yake ciki, ya ɗauke shi. Akwai kuma ta tiyata, wadda ake yi idan haƙorin ya maƙale ko ya karye ya bar saiwa a ciki. A nan za a ɗan tsaga dasashi, wataƙila a rage ƙashi kaɗan ko a raba haƙorin gida biyu, sannan a ɗinke. Jinyar ta biyun ta fi tsawo, saboda haka ka tambaya tun farko wacce ce taka.

Kada ka shiga kana cewa a cire maka kawai. Ba kowane haƙori mai ciwo ake cirewa ba. Wani ciko zai wadatar, wani kuma a wanke cikin saiwarsa a toshe, ya ci gaba da aiki shekaru. Kuma ciwon haƙori maƙaryaci ne, yakan nuna na sama alhali na ƙasa ne ya lalace. Tun fiye da shekara dubu da suka wuce, likitan Andalus ɗin nan Abul Ƙasim Azzahrawi ya ja kunnen masu wannan aiki a kan su tabbatar da haƙorin da ke ciwo kafin su cire, don kada a raba mutum da lafiyayye. Yau hoton haƙori ne ke raba gardama. Idan likita ya ce a ɗauka, kada a ga kamar ƙarin kashe kuɗi ne: a hoton ake ganin tsawon saiwa, da lanƙwasarta, da kusancinta da jijiya.

Abin da jira ke jawowa

Wani lokaci haƙorin da ya daɗe yana ciwo sai ya yi shiru, mai shi ya ce ya warke. Abin da yakan faru shi ne jijiyar cikinsa ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma sun gangara ƙarshen saiwa suna tara mugunya. Daga turamen ƙasa, wannan mugunya na iya bi ta ƙarƙashin haɓa da harshe ta kumbura wuya har ta matse hanyar numfashi. Ana rasa rai ta wannan hanya, a kan haƙori ɗaya.

Babu tsutsa a cikin haƙori, komai abin da mai turare da hayaƙi zai nuna maka a cikin kwano. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale su fitar da sinadari mai tsami, shi kuma ya narkar da haƙorin a hankali. Danna asfirin a kan dasashi yana ƙona shi, ruwan batir kuwa ba a ma maganarsa. Mai cire haƙori a kasuwa kuma, ko da hannunsa na da sauri, ba shi da na'urar da ke dafa kayan aiki ta kashe ƙwayar ciwon hanta, ba shi da hoto, kuma idan saiwa ta karye a ciki ko jini ya ƙi tsayawa asibitin da aka guda can za a ƙare. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen haƙori, haka asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. A fara zuwa a tambayi kuɗin kati da na hoto da na aikin, don iyaye su san abin da za su tanada.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

A ganina babu wani shiri da ya kai wannan muhimmanci, kuma shi ne ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Likita zai tambaye ka ko kana da wata rashin lafiya. Kunya ko sauri kan sa mutum ya ce babu. Likita bakinka yake gani, ba ya ganin jininka, ba ya ganin zuciyarka. Sai abin da ka faɗa masa.

Idan kana da sikila, faɗi tun a bakin ƙofa. Ƙishirwa, da sanyi, da fargaba, da ƙwayar cuta duk suna iya tayar da ciwon. Likita zai so ya yi aikin a lokacin da kake cikin ƙoshin lafiya, ya tuntuɓi likitan da ke duba ka, wataƙila ya ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan aikin na buƙatar a sa ka barci akwai shiri na musamman. Har ƙanƙarar da ake cewa a ɗora a kunci, mai sikila ya tambaya tukuna kafin ya ɗora.

Idan jininka na daɗewa bai tsaya ba, faɗi. Wataƙila ba ka san sunan ciwon ba, amma ka san alamun: yawan haɓo mai wuyar tsayawa, ƙaramin yanka ya yi ta zuba, ko kuma an taɓa ba ka labarin wahalar da aka sha lokacin da aka yi maka kaciya. Ka tambayi mahaifiyarka ko akwai mai irin wannan a cikin 'yan uwanta maza, domin akwai ciwon rashin daskarewar jini da ke bin ɗiya maza ta wajen uwa. Ke kuma 'yar uwa, jinin al'ada ba ya hana a cire haƙori, amma idan naki yana zuba da yawa fiye da kima ko yana daɗewa, wannan ma bayani ne da likita ke buƙata.

Haka ciwon zuciya, da asma, da farfaɗiya, da ciwon sukari, da gyambon ciki, da ciwon ƙoda ko na hanta. Idan wani magani ya taɓa sa maka borin jini ko kumburin fuska, musamman kafso irin su Ampiclox, faɗi sunansa, ko ka je da kwalinsa. Duk abin da kake sha a kai a kai ka ambata, har da jiƙo da tsimi na gargajiya. Mai shan taba ko shisha ko wata ƙwaya, idan ba zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ba, ya nemi ya yi magana da likita shi kaɗai. Likita ba ɗan sanda ba ne, yana tambaya ne don ya san maganin da zai ba ka da wanda zai kauce wa.

Wanda bai kai shekara 18 ba sai da mahaifi ko mariƙi ya sa hannu a takardar amincewa. 'Yan makarantar kwana su lura da wannan: a sanar da gida da wuri, a karɓi takardar izinin fita, kuma in da hali a kwana biyu a gida bayan aikin maimakon a koma ɗakin kwanan ɗalibai a ranar.

Zaɓen rana, da batun cin abinci

Idan ba na gaggawa ba ne, kada a sa aikin a makon jarrabawa. Mai shirin WAEC ko NECO da ya san turminsa na damunsa ya je a hutun da ya gabaci jarrabawar. Safiya ta fi yamma, domin idan jini zai yi gardama, zai yi ne asibiti na buɗe. Ana kuma so a kauce wa watan azumi in ana iya jira, saboda magungunan bayan aiki na da lokutansu kuma jiki na buƙatar ruwa. Amma kumburi mai zazzaɓi ba a ce masa ya jira bayan Sallah.

Batun ci kafin a tafi shi ne inda ake yawan rikicewa, domin doka biyu ce masu karo da juna. Idan allurar kashe zafi kawai za a yi maka a dasashi, kana farke, to ka karya kumallo sosai. Mai zuwa da yunwa da fargaba shi ne ke ganin jiri a kan kujera, kuma bayan aikin sai an yi awanni kafin ka iya ci. Idan kuwa za a sa ka barci ne, ko a ba ka maganin da ke sa gyangyaɗi, to cikinka ya zama babu komai. Ƙa'idar da aka saba ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aikin, ruwa zalla kuma awa 2, amma ka bi lokacin da asibitinka ya ba ka. Koko da kunu da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Dalili kuwa, mai barcin magani idan ya yi amai ba ya iya tarewa, sai ya gangara huhu. Idan ka manta ka ci wani abu, ka faɗa. Gara a ɗage aikin.

Ka goge bakinka tas kafin ka fita. Ka sa kaya sakakku. Ka bar tuwo mai laushi ko kunu yana jiranka a gida.

A kan kujera

Allurar tana da ɗan zafi na daƙiƙoƙi, kamar cizon tururuwa, sannan ka ji leɓe da kunci sun yi nauyi kamar ba naka ba. Wasu sukan ji zuciyarsu na bugawa da sauri na ɗan lokaci. Wannan yakan zo ne daga fargaba ko daga sinadarin da ake haɗawa da maganin don ya daɗe a wurin, kuma yana wucewa, amma ka faɗa. Likita zai gwada wurin kafin ya fara. Za ka ji dannawa da turawa, za ka ji ƙara a cikin kunnenka, domin allurar zafi take kashewa, ba ta kashe jin nauyi. Idan ka ji zafi mai tsini, ɗaga hannu a ƙara maka. Babu jarumta a cikin daurewa.

Mu gode wa Allah da zamanin da muka zo. Sai a shekarar 1846 ne wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna a bainar jama'a, a birnin Boston na Amurka, cewa ana iya yi wa mutum tiyata bai ji zafi ba. Kafin nan ƙarti ne ke danne mutum.

Batun ido kuwa, jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa daban take da jijiyoyin haƙora, kuma cire haƙorin sama ba ya taɓa ta. Abin da ke barazana ga ido shi ne mugunyar ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari ta haura fuska. Tsoron cirewar ne ma ke kai mutum ga abin da yake gudu.

Gudan jinin da za ka yi gadi

Da an cire haƙori, rami ne ke saura, ƙasansa ƙashi ne tsirara. Jini zai cika ramin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin da ke kare ƙashi da jijiya, kuma a cikinsa sabon nama zai tsiro. Duk dokokin da za a lissafa maka na ranar farko manufarsu ɗaya ce, kada gudan nan ya fita. Idan ka riƙe wannan, ko ka manta wata doka za ka iya gano ta da kanka.

Za a ɗora maka naɗaɗɗiyar auduga a kan ramin a ce ka cije. Ka cije da ƙarfi na minti 30 zuwa 45, ba surutu, ba cirewa kana leƙawa. A cikin awa 24 na farko kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka tsotsi komai. Yawun ka haɗiye shi, ko ka goge da hankici. Tsotsa tana jan gudan kamar yadda ake zare toshiyar kwalba. Kowa zai gaya maka kada ka sha lemo da bututun tsotsa, amma akwai wanda ake mantawa da shi, kuma shi muka fi yi: ruwan leda. Kada ka ciji leda ka tsotsa. Juye a kofi ka kurɓa. Haka ƙanƙarar zoɓo ta leda, da rake, da alewa. Wajen alwala ka sa ruwan a baki a hankali ka sunkuya ya zubo da kansa, ban da wasa da shi a kumatu.

Harshe zai so ya je ya duba wurin, ka hana shi. Yatsa da tsinken sakace da aswaki su yi nesa da ramin. Taba da shisha sun haɗa illa biyu, ga zuƙa ga hayaƙin da ke rage jinin da ke zuwa wurin, don haka aƙalla kwana uku ba a taɓa su, mako guda ya fi. Ban da ƙwallo, ban da gudu, ban da ɗibar ruwa ko ɗaukar kaya mai nauyi a ranar. Da dare ka tada kai da matashi biyu, ka shimfiɗa tsohon zani a kai.

Ganin yawu ja-ja har zuwa washegari ba abin tsoro ba ne, ɗigon jini kaɗan yakan rina yawu mai yawa. Idan kuwa jini ne sosai yake cika baki, zauna a miƙe, naɗe hankici mai tsabta ka ɗan jiƙa shi, ɗora daidai kan ramin ka cije minti 30 kana duba agogo. 'Yar jakar ganyen shayi irin ta Lipton da aka jiƙa da ruwan sanyi ma tana taimakawa. Idan ka yi haka sau biyu bai tsaya ba, a koma asibiti, ko da tsakar dare ne, sashen gaggawa ba ya rufewa.

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, a riƙe a baki a karkata kai, a zubar a hankali, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi, ana kaucewa ramin. Bayan kwana biyu zuwa uku za ka ga wani abu fari-fari ko ruwan ɗorawa ya rufe wurin. Ba ragowar tuwo ba ce, naman warkewa ne. Kada ka kankare.

Me za a ci?

Kada ka ci komai sai nauyin allurar ya sake ka, yawanci bayan awa biyu zuwa huɗu, don kada ka tauna kuncinka ko ka ƙona harshe ba ka sani ba. Daga nan sai mai laushi, mai ɗumi-ɗumi ko mai sanyi: kunu ko koko da ya huce, fura da nono da aka dama ta yi sumul, faten dankali, alala, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji. Ka tauna ta ɗaya ɓangaren. Ƙuli-ƙuli, kilishi, tsire, aya, gyaɗa, gugguru da kantun riɗi su jira mako guda. Ƙananan ƙwayoyi irin na riɗi da gari sun iya shiga rami. Ka sha ruwa da yawa. Ƙin cin abinci don tsoro yana jinkirta warkewa.

Magani

Ka sha maganin zafin da aka rubuta maka kafin allurar ta gama sakinka, kada ka jira zafin ya kama. Yawanci farasitamol ne da ibuprofen, kuma sun isa. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 na farasitamol a awa 24, yara kuma da nauyinsu ake auna musu. A kula, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu, haɗa su na iya lalata hanta. Ibuprofen a sha shi bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ko asma ko ciwon ƙoda sai likita ya amince. Ban da asfirin, yana tsinka jini, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba. Idan wani ya ce ka nemi tiramol don ya fi ƙarfi, ka ce masa ka gode. Jinyar kwana uku ba ta kai a ɗauko jarabar shekaru ba.

Ba kowa ake rubuta wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, rashin ba ka shi ba rowa ba ce. Idan an ba ka, ka sha yadda aka tsara. Kada a fasa kafso a barbaɗa a ramin.

Rana ta uku

Bayan cirewa ta tiyata, kumburi yakan ƙaru har rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara saɓewa. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 a kunci minti 15 a huta, tana rage shi a ranar farko. Baki yakan yi wuyar buɗewa na 'yan kwanaki. Duk wannan hanya ce ta warkewa.

Abin lura shi ne alƙiblar ciwon. Kullum ya kamata ya riƙa raguwa. Idan a rana ta uku zuwa ta biyar zafi ya dawo fiye da na farko, yana harbawa har kunne, baki na wari da ɗanɗano marar daɗi, ramin kuma ka gan shi wayam, to gudan jinin ya fita, ƙashi ya bushe a fili. An fi samun haka a turamen ƙasa da kuma masu shan taba. Yana da azaba, amma gyaransa na 'yan mintoci ne: likita zai wanke ramin ya sa wani magani a ciki, sau da yawa mai ƙamshin kanumfari, zafin ya sauka. Ƙara yawan ƙwaya a gida ba ya maganinsa.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta uku ko yake gangarawa wuya ko haurawa ido, wahalar haɗiya ko numfashi, zazzaɓi, mugunya, ko borin jini bayan shan magani. Idan leɓe ko harshe bai dawo daidai ba har washegari, a sanar da likita. Yawanci jijiya ce ta ɗan bugu kuma tana farfaɗowa, amma ana so a bibiya. Wanda aka cire wa turmin sama kuma ya guji fyace hanci da ƙarfi, ya yi atishawa baki buɗe, domin saiwar turamen sama na maƙwabtaka da kogon iska na cikin ƙashin kunci. Idan ya sha ruwa ya ji yana fitowa ta hanci, ya koma.

Idan kai ne ɗan rakiya

Wata rana ba kai ne a kujerar ba, ƙaninka ne ko Baba. Da yaro, kada a yi masa ƙarya cewa yawo za a je, kada kuma a riƙa yi masa barazana da allura a gida. A ce masa likita zai sa haƙorin ya yi barci ya ɗauke shi. Bayan an gama, aikinka shi ne gadin leɓensa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle an kashe wurin: yaro yakan yi ta taunar leɓen da ba ya ji, washegari a tashi da gyambo, a ɗora wa likita laifi. Ka zauna da shi har nauyin ya sake shi. Idan barci aka sa shi, a kwantar da shi a gefensa, a fara masa da ruwa kaɗan-kaɗan, ban da keke ranar. Idan yana mura ko tari kafin ranar aikin, a sanar da asibiti.

A kuma tuna wa iyaye cewa turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Da yawa sukan ɗauka na famfara ne su bar shi ya ruɓe, alhali babu wani da zai maye gurbinsa.

Manya kuma nasu shirin ya fi yawa a kan magunguna. Mai hawan jini ya sha maganinsa na safe yadda ya saba, za a auna shi kafin a fara, kuma idan ya hau sosai za a iya ɗagewa. Mai ciwon sukari ya tambayi yadda zai daidaita ci da magani. Mai shan maganin tsinka jini kada ya daina da kansa, kada kuma ya ɓoye. Mai juna biyu ta faɗa kafin hoto da magani. Wanda aka ba maganin barci ko na gyangyaɗi ba zai tuƙa mota ko babur ba sai bayan awa 24, kuma yakan manta abin da aka gaya masa, don haka kai ne za ka rubuta dokokin da lambar wayar asibitin. Da yamma idan ka ga hannun Kaka ya nufi goro, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka ce, “Kaka, likita ya ce a ɗan haƙura da shi zuwa mako mai zuwa,” ka miƙa mata kunu.

Komawa aji

Bayan cirewa mai sauƙi, yawancin ɗalibai na iya komawa makaranta washegari. Ta tiyata takan buƙaci kwana biyu zuwa uku. Ka karɓi takarda daga asibiti don malamin wasanni da masu raba aikin shara da noma su ɗaga maka ƙafa na 'yan kwanaki. Zaren ɗinki iri biyu ne, wani yana narkewa da kansa, wani sai an koma an cire bayan kamar mako guda, ka tambaya wanne aka sa maka. Dasashi yakan rufe cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙashin ƙasa kuwa sai ya ɗauki watanni yana cikewa, saboda haka ɗan lotsawar da harshe zai riƙa ji ba matsala ba ce.

Ka je ranar da aka ce ka dawo ko da ba ka jin komai. Idan turmin ƙurya aka cire, ba a mayar da wani a gurbinsa. Idan kuwa na tsakiya ne ko na gaba, maƙwabtansa sukan karkato cikin giɓin a hankali, wanda ke fuskantarsa kuma ya ƙaro tsawo. A wannan zuwan ne za ka tambayi likita ko giɓin naka na buƙatar a cike shi, da wane iri, da kuma shekarun da suka dace a yi.